Ranar Allurar Tela

Ranar da ya kamata a yi wa Tela allura a asibiti, a shago matarsa ta same shi yana taka keke. Da safe ya fita da kati a aljihu, har da 'yar waƙarsa. Ita kuwa ta san mijinta kamar yunwar cikinta, mutumin da bai taɓa zuwa wurin likita da fara'a ba. Shi ya sa ta yafa mayafi ta bi sawunsa.

Da fitsari abin ya faro. Ya daɗe yana zarya tsakanin keke da banɗaki, ya shiga ya tsaya, ya fito bai gamsu ba. Mai gyaran takalma na kusa da shagonsa ya ce masa tsufa ne kawai, wani ɗan ƙullutu ne da kowane namiji ke da shi a ƙarƙashin mafitsara, shekaru ke kumbura shi, shi ma ƙwaya yake sha. Na mai takalma kumburi ne, ya yi gaskiya. Na Tela da aka gwada, ciwon daji ne. Likita ya yi musu bayani matar tana zaune: ciwon yana rayuwa ne da sinadarin mazantaka, wanda jikin namiji ke yi da kansa. Allurar tana tsayar da sinadarin, sai ciwon ya rasa abin ci ya lafa. Idan aka daina, ya farka da yunwarsa.

Ciwon kuwa ya lafa. Amma allurar ba ita kaɗai ta shigo gidan ba. Haka kawai sai zafi ya taso masa daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta karyo ko fanka na kansa. Ga tumbi, ga saurin hawaye, mutumin da ko a rasuwar mahaifinsa ba a ga ƙwallarsa ba. Ita ta gane abin tun ranar farko, don ta sha irinsa lokacin da al'adarta ta ɗauke. Ta ba shi dabarunta, jiƙaƙƙen hankici a wuya da rigar auduga, ya karɓa yana tsuke fuska kamar wanda aka ba aron zane.

Yau ɗin da ya ga inuwarta a bakin ƙofar shago bai ɗago ba. Ya ce aiki ne ya yi yawa, ya ce layin asibiti ba ya ƙarewa, ya ce ai jikin da sauƙi. Ta ture ƙyallayen da ke kan benci ta zauna, ta bar shi ya gama zuba. Tsoro take ji, tsoro sosai, amma ta san idan ta ɗaga murya to ta rasa shi.

Yana cikin magana zafin ya taso. Ta ga gumi ya tsatstsafo a goshinsa, ya yi maza ya janye farin yadin da yake ɗinkawa kada zufa ta ɗiga a kai. Ya zauna hannu a cinya, ruwa na bin gemunsa.

"Sun mayar da ni mace, uwar yara."

"To mene ne aibun mace? Shekara nawa kana zaune da ɗaya?"

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya dubi ƙofa ko mai takalma na kusa, sannan ya rage murya.

"Ke ma kin san abin da allurar nan ta ɗauke. Haƙƙinki ne."

Sai yanzu ta gane. Duk tsawon lokacin nan ta ɗauka zufar ce ke damunsa, ashe kunyarta yake ji, ashe don ita yake son ya ciyar da ciwon da zai kashe shi. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta. Ta tashi ta goge masa wuya da gefen mayafinta.

"Na sani, Malam, na fi kowa sani. Na yafe. Gara in kwana kusa da matashin kan da ka jiƙa sharkaf, da in kwana kusa da busasshe bayan ranka."

Sai ya ninke yadin, ya rufe keke, ya tambaye ta ko har yanzu za su sami likitan.