Ranar da Aka Ce Rigunan Mas'udu Sun Zuba

Ni Turai, tuwo nake sayarwa a Guangzhou, a wani ɗan ɗaki na saman bene a unguwar Sanyuanli, inda tukunyata take gefen gadona. Mijina Mas'udu ɗan riguna ne. Tun safe yana kasuwar Canaan yana ciniki da masu shaguna, ya haɗa wa mutanen gida kaya, ya kai sito a loda a kwantena. Mutum ne mai sanyi har ya ba ka haushi. Ni ce mai baki a gidan, kuma kowa ya sani.

A shekarar da abin ya faru ƙasarmu ta ɗauki zafi. Janar ɗin da ke mulkinmu tun ina 'yar firamare ya ce zai zarce, mutane suka ce wallahi sun gaji. Shi kuwa ko a jikinsa, don ba shi kaɗai ba ne. Akwai babbar ƙasar nan ta ƙetaren teku da ke tsaye a bayansa, wadda ta girke sojojinta a gefen filin jirginmu. Ita ke ba shi bindiga, ita ke koya wa yaransa yadda ake riƙe ta. Mu dai Uban Gida muke ce mata.

Da masu zanga-zanga suka sa ranar fita, sai suka aiko wa 'yan ƙasarmu na Guangzhou cewa suna son riguna shuɗɗa, kowa ya sa iri ɗaya, a ga yawansu. A ɗakina aka yanke shawarar, ana cin tuwon shinkafa da miyar kuka. Alhaji Babayo, dattijon da muke ɗauka uba a nan, shi ya jagoranci karo-karon. Ɗansa Abdulgafar yana cikin ɗaliban da ke gaba-gaba a can gida, Alhaji kuwa in ya ambaci sunan yaron har ƙirjinsa yake buɗewa. Aka ɗora wa Mas'udu nemo rigunan tunda shi ya san masana'anta. Ya bar cinikinsa ya yi ta zirga-zirga har kaya suka tashi.

Ranar fitar muka cika ɗakina muna kallon talabijin. Kai, jama'a! Titi ya zama shuɗi tun daga babbar kasuwa har gadar fadar gwamnati. Alhaji ya rungume Mas'udu yana kabbara. Can sai hoton ya yanke, layukan waya ma suka mutu.

Da labari ya fara fitowa, ba mai daɗi ba ne. An yi harbi a gada. Wanda ya fi muni shi ne abin da ya biyo baya. Sojoji sun bi gida-gida suna tuɓe matasa, duk wanda aka ga shuɗi a wuyansa ko ƙirjinsa sai a jefa shi mota. Yara sun cire rigunan sun ƙona, amma launin yana jikinsu, ya ƙi fita ko da sabulu. Haka aka fito da Abdulgafar daga ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa, aka harbe shi a ƙofar gida tana kallo. A daidai lokacin wani mai magana da yawun Uban Gida ya fito a talabijin, da kwat ɗinsa da murmushinsa, wai yana kira ga ɓangarorin biyu su kai zuciya nesa, wai Janar abokinsu ne wajen tabbatar da zaman lafiya. Na tofa wa talabijin ɗin yawu, na goge da bakin zanina don tawa ce.

Daga nan maganar ta soma yawo a Canaan: rigunan Mas'udu ne suka zuba. Wai ya sayo masu arha, gumi ya taɓa su suka rine fatar yaran. Kafin kwana biyu maganar ta yi kitso ta yi lalle. Wai da gangan ya yi, wai an gan shi a wajen baje kolin Pazhou yana tafe da wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu. Eh, an gan shi. Mutumin ya tare shi ne ya tambaye shi inda ake sayar da takalman yara, Mas'udu da ba ya iya ce wa kowa a'a ya raka shi. Masu cin tuwona suka ɗauke ƙafa. Na ce masa, "Malam, ka zauna a gida kwana biyu, idon mutanen nan bai yi mini ba."

Ya ce, "Haba Turai, mutanen da muke sallah sahu ɗaya? Baƙin ciki ne, zai wuce."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci bai dawo cin abinci ba. Ina kwashe tuwo wayata ta yi ƙara. Ƙanwata Ikram ce daga gida, karo na farko da layi ya shiga. Tana kuka tana cewa ba ta fita ko ƙofar gida, a ɗaki take ɓoye.

Na ce, "Ke da ba ki shiga zanga-zanga ba, ɓuyan me kike?"

Ta ce, "Yaya, jikina duk shuɗi ne. Ina bakin titi da farantin gyaɗata, da hijabina, motocin nan suka zo suka feshe mu."

"Waɗanne motoci?"

"Sababbin motocin ruwa da Uban Gida ya ba su. An ma nuna bikin miƙa su, wai don a daina harbi. Ruwan ne mai launi, Yaya. Har akuyar maƙwabta ta koma shuɗiya."

Ban san lokacin da na yar da mara ba. Na kira Mas'udu, wayarsa ta yi ta ringi ba a ɗauka. Na kira wani mai shago kusa da inda yake tsayawa, ya ce ai Alhaji Babayo ya aiko a kira shi sito, wai za a yi magana. Na zari mayafi na sauka benen nan da silifas, ina gudu cikin mutane da kekuna, 'yan China suna kaucewa suna bina da kallo.

Siton yana bayan kasuwa, wani dogon ɗaki mai ƙofar ƙarfe da 'yan ƙasarmu suke haya tare. An aiki mai gadin siton ya sayo taba don ya ba su wuri. Tun daga waje na ji ƙarar, irin ta ana bugun katifa. Na tura ƙofa na shiga.

Mas'udu yana durƙushe tsakanin kwalaye, sun kewaye shi. Rigarsa ta Juma'a ta yage har cibiya, bakinsa yana zubar da jini. Gidaɗo, ɗan ƙanin Alhaji, ƙaton da ke loda kaya, yana riƙe da katakon da ya ɓalle daga abin ɗora kwalaye, ƙusa tana jikinsa. A tsakiya an ajiye bokiti, an jiƙa ɗaya daga ragowar rigunan, ruwan ya ɗan yi shuɗi. Shi ne shaidarsu. Alhaji Babayo yana tsaye a kan bokitin, idonsa jawur.

Na ƙwalla ihu, "Ku dakata! Ba riga ba ce! Mota ce ta fesa musu!"

Alhaji bai ko juyo ba. Ya ce, "Ku fitar da matar nan."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah! Yanzu na gama waya da ƙanwata. Ko rigar ba ta taɓa ba, ga ta can shuɗiya har kunne!"

Ya nuna bokitin da yatsa. "Wannan fa? Ƙanwarki ce ta zuba shi?"

Na ce, "Ku ba 'yan kasuwa ba ne? Wace sabuwar riga ce a Canaan ba ta sakin launi a jiƙon farko? Taka da ke jikinka ma tsoma ta mu gani!"

Wasu suka kalli juna. Na ga maganar ta fara shiga, wallahi na gani. Da Mas'udu ya yi shiru da watakila an tsaya nan. Amma sai ya ɗago kai, da wannan sanyin nasa, ya ce, "Alhaji, ni ma Abdulgafar ɗana ne."

Sunan ne ya tayar da dattijon. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya shuri Mas'udu a fuska da takalminsa. Gidaɗo ya ɗaga katakon ya sauke masa a kafaɗa, na ji ƙashi ya amsa. Sauran suka rufa masa, masu ƙafa da masu hannu, har da wanda jiya-jiyan nan Mas'udu ya tsaya masa a wajen mai masana'anta. Na ɗauki bokitin na kwaɗa wa wani a ƙeya, ruwan ya watsu a ƙasa. Na ɗare bayan Gidaɗo na kafa masa haƙori a kunne har na ji gishirin jini a bakina. Ya yi wurgi da ni, bayana ya daki ƙarfen ƙofa, numfashina ya ɗauke. Ina kwance ina gani ya juya katakon ta wajen ƙusar, ya sauke shi a tsakiyar kan mijina.

Bayan wannan ba wanda ya ƙara bugu. Mas'udu ya kife, ƙafarsa ɗaya tana karkarwa, jini yana bin ruwan bokitin zuwa ƙarƙashin kwalaye. Wani ya ce, "Innalillahi." Wani ya ce 'yan sanda. Kalmar nan kaɗai ta watsa su, don kusan dukkansu bizarsu ta ƙare da daɗewa. Suka yi ta tsallake ni suna fita. Gidaɗo ya ja Alhaji da ƙarfi, dattijon yana tafiya yana waige.

Mai gadi ne ya dawo ya tarar da ni rungume da kan Mas'udu ina toshe ramin da mayafina. Shi ya kira motar asibiti. A cikin motar Mas'udu ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe. Ya motsa baki, na kai kunnena.

Ya ce, "Ki ce faɗowa na yi. Daga saman kaya."

Na ce, "Wallahi sai na faɗi sunansu ɗaya bayan ɗaya. Har na uwayensu."

"Turai." Ya damƙe yatsana. "In aka kama su, jirgi za a sa su. Yaran Janar na filin jirgi, sun san wa ya aika riguna. Ba wanda zai kai gida."

"To su mutu mana! Ni ina ruwana?"

"Alhaji ya rasa ɗaya. Akwai ƙanana a bayansa."

Na zage shi. Allah ya yafe mini, mijina yana zubar da jini a cinyata na ce masa sakarai, na ce wannan sanyin nasa ne ya kashe mu. Bai saki yatsana ba sai da aka raba mu a ƙofar ɗakin tiyata. Kafin magariba likita ya fito ya cire abin rufe bakinsa. Ban jin yarensu, amma ban buƙaci tafinta ba.

'Yan sanda biyu suka zo, da wani ɗalibi Bakano da ke karatun likita a garin, shi zai fassara. Aka zaunar da ni a benci a baranda. Babban cikinsu ya yi magana yana nuna kansa da haƙarƙarinsa, ɗalibin ya ce, "Hajiya, wai mai gadi ya ga mutane sun fito da gudu amma bai san kowa ba. Suna so ki faɗa musu su waye."

A lokacin na hango Alhaji Babayo a ƙarshen barandar, shi kaɗai, ba hula. Yana riƙe da waya a hannu kamar ya manta da ita. Daga yadda ya jingina da bango na gane ya samu layin gida, an gaya masa maganar motocin. Ya san 'yan sanda ne a gabana, bai gudu ba. Na dube shi, na tsane shi tsanar da ban taɓa yi wa kowa ba, har Janar, har Uban Gida, don su ban taɓa zuba musu miya da hannuna ba. Sunansa yana kan harshena, ɗaga yatsa kawai ya rage.

Na ce, "Faɗowa ya yi. Daga saman kaya."

Ɗalibin ya dubi jinin da ya bushe a haɓata, ya rage murya. "Hajiya, na ga gawar. Wannan ba faɗuwa ba ce. Ki faɗa, ba mai taɓa ki."

Na ce, "Ɗan nan, fassara aka kawo ka yi. Fassara."

Ya fassara. Ɗan sandan ya daɗe yana kallona, ya sake tambaya, na sake ba shi amsa ɗaya. Ya ce za su neme ni, suka tafi.

Sai da baranda ta yi shiru Alhaji ya tako, yana jan ƙafa. Ya tsaya nesa kaɗan, ya durƙusa a kan tayil ɗin asibiti, dattijo mai furfura a gaban sa'ar 'yar cikinsa. Ya buɗe baki, "Turai..."

Na ce, "Kada ka yi mini gaisuwa, Alhaji. Kada kuma ka nemi gafarata, ba ni da ita. Ba don kai na yi ba, shi ya roƙa."

Ya sunkuyar da kai yana kuka. Na bar shi ya yi mai isarsa. Ni idona ya bushe ƙaf, sai ciwon baya da ɗacin jinin Gidaɗo a bakina.

Na ce, "Tashi. In sun ba da gawar, ka tara su duka, har Gidaɗo. Ka nemo likkafani, ku yi masa sallah. Ba ni da kowa a garin nan da zai ɗauke shi sai ku."