Sunan da Hajaratu Ba Ta Faɗa

A shekarar da aka haƙa sabuwar rijiya a hanyar Kalfu, Illa tafinta ne ke rakiyar Baturen aikin, wani dogo ɗan ƙasar Holan mai yawan tambaya. Wata rana suna hutawa a inuwar gawo, Baturen ya ce a harshensu in suna son abu, sai su ɗan ƙara wa sunansa jela, ya zama ƙarami, abin lallashi. Ya tambaya yaya Hausawa ke yi.

Illa ya yi murmushin wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko. Ya kira shi Mushe, wato yallaɓai da Faransanci, ya ce, "Mu nan, mace in tana girmama mijinta, sunansa ba ya fita bakinta sam."

Bai rufe baki ba maganar ta dawo ta soke shi. Shekara shida ke nan da ya auri Hajaratu bayan rasuwar mijinta na fari, Yunusu, wani majemi da bai bar komi ba sai wari. Kullum sai ta ce "Illa, ga tuwo," "Illa, an yi sallama." Sunan majemin kuwa bai taɓa ji a bakinta ba.

Da ya koma gida Tawa ya iske buhun gero a zaure. Ya san sarai wanda ya kawo shi, Yunusu ne mai jaki, ɗan garin Bambeye.

"Wa ya kawo geron ga?"

Ta sunkuyar da kai. "Mai sunan marigayi."

"Mai jaki ma ya ci albarkacinsa. Ni fa? Ko akuyarki kina sakaya ta fiye da ni."

Hajaratu ta ajiye muciya. "Ka manta? Ran da na tare na ce maka maigida, ka ce ƙauyanci ne. Ka ce in kira ka kamar yadda matar kumandan, Baturen mulki, ke kiran mijinta. Wata guda ina koyo, ina kuka a madafa."

Illa ya tuna. Har da sabuwar hular kwano a kansa ya faɗa.

"To, ki daina," in ji shi.

"To, maigida."

Ta daina kuwa, ba ta sake kuskure ba ko sau ɗaya. Sai dai shi ya yi ta kasa kunne har ƙarshen zamansu. In ta ce maigida, ido cikin ido take faɗa. In ta zo kan sunan majemin, har yanzu sai ta dubi ƙasa.