Rigakafi a Gidajen Dillalai

Ranar Laraba ce, tsakiyar bazara, tun da hantsi kwalta ta fara laushi. Ina zaune a kan babur ɗina a bakin tasha a Birnin Kebbi sai ga Malama Baiwa, ma'aikaciyar lafiya ta unguwarmu, rungume da akwatin ƙanƙara.

"Sirajo, tashi ka kai ni Argungu. Motarmu ta lalace."

A hanya ta gaya mini 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka uku, mutanen sun gudo Argungu, ƙyanda kuma ta ɓulla cikin yaransu. Allurar rigakafi ce a akwatin. Ƙanƙarar ba za ta wuce la'asar ba.

Wata makarantar firamare aka ware musu. Mun tarar da ƙungiyoyin agaji biyu a can, masu abincin yara da masu gidan sauro, sun kafa rumfa sun jera benci. Ɗan gudun hijira ko ɗaya babu. Kowa na riƙe da takarda mai cewa mutum ɗari huɗu, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Dariya ta kuɓuce mini. Malama Baiwa ta harare ni.

"Mi na abin dariya?"

"Anti, da na bar makaranta, shekara biyu na yi ina dakon buhu a kasuwar shinkafa ta garin nan. Manomi in ya shigo gari ba ya kwana aji. Gidan dillalinsa yake sauka."

Muka nufi kasuwa. Alhaji Kalilu dillali, tsohon maigidana, yana zaune kan buhu yana fifita da hula.

"A'a, Sirajo mara zama! Babur ɗin ma ya ishe ka, ka dawo dako?"

"Baba, baƙinka muka nema."

Fuskarsa ta canza. "Talatin da bakwai na gidana. Shekara ashirin ina sayar musu da shinkafarsu. Ba mai kwashe su ya kai su makaranta su kwanta ƙasa."

"Ba mu ɗaukar kowa, Alhaji," in ji Malama Baiwa. "Mu za mu zo. Inuwar zaurenka kawai muka so."

Ya dube ta, ya dubi akwatin da ruwa ya fara tsattsafowa ta gefensa, sannan ya zaro waya. Kafin a kira azahar ya lissafo mana gidajen dillalai shida da ƙauyen da ya sauka a kowanne. Malama Baiwa ta kira ƙungiyoyin nan ta raba musu gidajen, ta ce duk inda allura ta shiga abinci da gidan sauro su bi bayanta. Ni ne ƙafarta. Lungu-lungu muka bi, uwaye na danne yara a cinya, yara na tsala ihu.

Gida biyar muka gama, ƙanƙara ta zama ruwa. Na shida sai washegari muka je masa da sabon akwati, kuma har yau a zaurukan nan ake duba marasa lafiya duk Laraba.

Yara ɗari da talatin da ɗaya suka samu allura. Mun yi asarar kwalba huɗu da tayata ta baya. A gida na shida ƙyanda ta riga mu, an rasa yarinya ɗaya, Kausar, 'yar shekara biyu.