Uba Ɗaya, Labari Talatin da Ɗaya

Ba a ma gama kiran suna ba Hedimasta ya leƙo ta taga ya yafito shi da hannu. Malam Caja ya ajiye rajista ya bi shi. Yara ne suka laƙaba masa wannan suna, don tun da aka kawo wa makarantar kwamfutocin hannu, wayar caja ba ta daina leƙowa daga aljihunsa ba.

A ofis Hedimasta ya turo masa wasiƙa a kan tebur.

"Karanta. Ba sai ka zauna ba."

Daga kwamitin makarantar kwana ta masu hazaƙa take. Gurbi ɗaya tak suke bai wa yankin duk shekara, kyauta, ga yaron da ya fi iya rubuta labari. Ajinsa ya tura labari talatin da ɗaya. An soke su gaba ɗaya. Dalilin layi uku ne: a duk labaran uba ɗaya ne, hannunsa na rawa, ana ɗaura masa tawul a wuya, cokali na ƙwanƙwasa haƙoransa. Kwamiti ya tabbata na'ura ce ta rubuta.

"Har da na yarinyar nan Biro?"

"Nata suka ɗora a sama. Sun ce shi ya fi kama da aikin na'ura."

Malam kaɗai a duk ginin ya san yadda uban ya shiga labari talatin.

Wata biyar ke nan da aka kawo kwamfutocin, da manhajar ƙirƙirarriyar basira a ciki, wadda za ka tambaya ta amsa, ka ba ta farkon labari ta ƙarasa maka. Yara suka sa mata suna Kawu, wai don ba abin da ba ta da amsarsa, kuma ba ta taɓa cewa ban sani ba. Malam ya riƙe aikin hannu bibbiyu. Ya koya musu yadda ake tambaya, yadda ake kama Kawu in ya shara ƙarya, yadda ake sa shi ya zana kifi mai takalmi. Yaran da a da sai an bi su gida, yanzu su ke jiran a buɗe ƙofa.

Labari ne kawai Kawu ya kasa. Duk wanda ya bayar, wani yaro ne mai kirki ya tsinci abu ya mayar, kowa ya yi murna. Salam, ba gishiri. Yara kuma suka fara rubutu irin nasa.

Amma akwai Biro. Ƴar shekara goma sha ɗaya, siririya, kullum da biro a bayan kunne kamar kafinta. Ba ta damu da Kawu ba. Tana da littafinta mai baƙin bango, kuma ranar da ta bar Malam ya karanta shafi biyu, sai da ya fita baranda ya tsaya. Babanta direban babbar mota ne, ɓarin jikinsa ya shanye bara. Ta rubuta yadda take ba shi abinci, da yadda yake kallon bango in abin ya zubo, don kada ya ga ta gani.

A manhajar akwai wurin da malami ke sa misali, Kawu ya kwaikwaya. Wata Laraba, lokacin hutun tara, aji ba kowa, jakar Biro a kan benci. Ya zaro littafin, ya ɗauki hoton shafi arba'in, ya zuba wa Kawu, ya mayar da littafin yadda ya same shi. Minti goma bai cika ba. Akwai doka a takardar da ya sa wa hannu: ba a sa aikin yaro a ciki sai da izinin iyaye. Ya ce a ransa ai don ilimi ne.

Washegari labaran aji suka yi rai. Ya ji daɗi har ya kira Hedimasta ya gani. Da gasa ta zo, kwamiti ya yarda a yi amfani da manhaja don gyaran rubutu kawai. Yara talatin suka wuce gyara, suka bar Kawu ya rubuta musu. Biro ta rubuta nata da hannu. Shi kuma ranar turawa cajin kwamfutoci ya ɗauke masa hankali, ya tura duka bai karanta ko rabi ba.

Ya faɗa wa Hedimasta duk wannan a tsaye. Hedimasta ya cire gilashi ya murza idanu.

"Ban ji ba."

"Ranka ya daɗe, na ce ni na..."

"Na ce ban ji ba. Yara sun kwafi juna, an tsawata musu, magana ta ƙare. Ka buɗe baki, su kwashe kwamfutocin, su haɗa da kai. Ƴaƴanka nawa, Caja?"

"Uku."

"To, koma aji."

"Yarinyar fa? Baɗi shekarunta sun wuce."

"Ba ita ce ta farko ba."

Da aka tashi bai tafi gida ba. Ya bi layin masu gyaran waya, ya tsallaka kwata, ya isa shagon ɗinkin da uwar Biro ke haya, ɗaki ciki da waje. A waje keken ɗinki ne da tarin yadi. A ciki, bayan labule, ana jin numfashin mutum a kwance.

"Sannu da aiki, Maman Biro."

"Ba sunan da na raɗa mata ke nan ba, Malam, amma shigo." Ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba. "Dama ina nemanka. Jiya ɗan mai gyaran taya ya tsaya nan ƙofa yana karkarwa da hannu, yana cewa a kawo masa tawul. Abokansa na dariya. Mutumin nan yana ciki yana ji. Shekara guda ko ƙanwata ban bari ta ga yana cin abinci ba. A ina yaran ajinka suka gani?"

Ya yi niyyar ya fara da wasiƙar. Sai ya ji bakinsa ya fara da abin da ya yi ranar Laraba.

Keken ya tsaya.

"Ka buɗe mata jaka."

"E."

"Kai da kanka. Ba yaro ba."

"Ni ne."

"Da ɓarawo ne ya shigo ya ɗauki keken nan, na san inda zan kai ƙara. Wannan fa, wa zan gaya wa? In ce an saci me?"

Labule ya motsa. Biro ce tsaye da kwano a hannu. Ba ta dube shi ba, kwamfutar da ke hammatarsa take kallo.

"Malam, duka ya karanta?"

"Shafi arba'in."

"Har da na ranar wanka?"

Ya kawar da kai. Ta koma ciki.

"Makarantar nan," uwar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ba don ƙawa nake so ta tafi ba. In ta zauna a nan, jinya za ta yi har ta tsufa a kanta. Na riga na yi magana da wadda za ta riƙa taya ni. Ka san yadda ka ɓata, sai ka san yadda za ka gyara."

Ta mayar da ƙafa kan keken.

Da safe bai je makaranta ba. Ya hau mota biyu zuwa ofishin kwamiti, hawa na uku, ya zauna a benci har sha ɗaya. Shugabar alƙalan gasar dattijuwa ce mai sanda, ta yi shekara talatin tana koyarwa kafin ta yi ritaya. Ya buɗe mata kwamfutar, ya nuna hotunan shafukan, da kwanan watan da ya sa su, wata biyu kafin gasa.

Ta daɗe tana juyawa da yatsa.

"Ka san abin da wannan zai ja maka?"

"Na sani."

"Dole in rubuta."

"Ki rubuta, ranki ya daɗe. Ki dai mayar mata da labarinta."

"Ɗana, ka nuna min littafin nata ne. Ba ka nuna min cewa labarin gasar ita ta yi ba. Wa ya sani ko ita ma ta tambayi Kawun naku, ya amayo mata abinta? Mu bakwai ne a kwamiti, shida sun riga sun yanke." Ta rufe kwamfutar. "Abu ɗaya zan iya. Ka kawo ta jibi, ƙarfe goma. Takarda, biro, awa ɗaya, a gabana. In ta rubuta irin wancan, ni zan tsaya mata."

Ya sauko matakala yana jin kamar an sauke masa buhu. Awa ɗaya? Biro da ke cika shafi uku kafin a buga ƙararrawa.

Washegari takardar dakatarwa daga aiki ta riga shi isa gida. Matarsa ta karanta ta a tsaye, ta ninke, ta sa ƙarƙashin rediyo.

"Ka ci abinci?"

"Ban ci ba."

"To, ci tun akwai."

Jibi ta yi. Uwar ba ta iya barin mai jinya ba, don haka shi ya je ya ɗauko yarinyar. An goge mata kayan makaranta har suna ƙyalli. A mota ya yi ta magana: kada ki ji tsoro, ki rubuta yadda kika saba, kamar kina ɗakinku. Ta ce to. Ya sake faɗa. Ta sake cewa to.

Ɗakin jarrabawar yana da ƙofar gilashi. Aka zaunar da ita ita kaɗai a dogon tebur, dattijuwar a can ƙarshe da agogo. Malam na baranda yana leƙe.

Ta fara nan take. Hannunta ya ruga, layi ɗaya, biyu, biyar. Ya saki numfashi. Sai ta tsaya. Ta karanta abin da ta rubuta, leɓɓanta na motsi. Ta ja layi a kai, ta sake ja, har takardar ta huje. Ta karɓi wata. Ta rubuta layi uku, ta karanta, ta soke. Takarda ta uku ma haka.

Minti arba'in suka tafi. Malam ya manna goshi a gilashi. Dattijuwar ta ɗaga masa sanda, ya ja baya.

Saura kwata, Biro ta ɗauki takarda ta huɗu. Wannan karon a hankali take rubutu, kamar mai kwafe daga allo, ba ta soke ko kalma ɗaya ba. Ta gama kafin lokaci, ta miƙa da hannu biyu.

Dattijuwar ta karanta. Ba ta daɗe ba. Ta kira shi ciki ta ba shi.

Wata rana wata yarinya ta tafi kasuwa. Ta sayi sabulu. Ta ga mota. Ta dawo gida. Babanta yana lafiya. Kowa yana lafiya.

Haka har ƙasan shafi.

"Ƴata," dattijuwar ta ce, "ina waɗanda kika soke?"

Biro ta riga ta dunƙule su a tafin hannu. Dattijuwar ta karɓa ta warware. Tawada ce kan tawada, ba a iya karanta ko harafi.

"Me ya sa?"

"An ce masu irin wancan na'ura ce ta yi."

"To ai ke ce mai shi."

"Na sani. Amma duk abin da na rubuta, in na karanta, sai in ji muryar Kawu. Sai na yi wanda ba zai yi kama da nasa ba."

Malam ya durƙusa gabanta, gwiwa a siminti.

"Shi ne ya yi kama da ke. Daga wurinki ya koya. Ranki ya daɗe, a ba ta rabin awa. Minti ashirin."

"Da ƙyar na samo awa ɗayar." Dattijuwar ta duba yarinyar. "In na ba ki, za ki rubuta babanki?"

Biro ta girgiza kai.

"Ya ji abin da yaran suka yi a ƙofa. Tun ranar ba ya yarda in ba shi abinci. Sai Mama."

Dattijuwar ta ɗauki shafin sabulu ta sa a fayil, don shi kaɗai ne za ta iya kai wa mutum shida. Ta rubuta wani abu gajere a bangon fayil ɗin, ta sa hannu.

"Za a ba na biyu gurbin," ta ce. "Ki gaida mamanki."

Suka sauko. Rana ta take, titi cike da motoci. A tasha ya tsaya gefenta. Motar unguwarsu ta zo, kwandasta na buga ƙofa.

"Malam, ba sai ka raka ni ba. Na san hanya."

"Me za ki ce wa Mama?"

"Zan ce mata ta gaya wa matar nan da za ta taya ta jinya ba sai ta zo ba."

Ta shiga ta zauna a kujerar tsakiya, inda ba taga. Motar ta ja.