Abincin Malam Sannu

Sana'ata kiwon raguna ce. In sayo su a rame daga kasuwar Udubo, in ɗaure a gidana nan Azare, in yi ta ɗura musu dusa da harawa har Babbar Sallah ta zo. Abin da na iya ke nan.

A 2001, 'yata Zinatu tana da shekara tara, na saya mata wani abin wasa a shagon Chima. Girmansa kamar ƙwan zabo, da ɗan gilashi da maɓalli uku. Cikin gilashin akwai wani ɗan tsako na zane, yana ci, yana barci, yana ƙara in ya ji yunwa. Sai ya yi kwana biyar kafin ya ɗan ƙara girma, shi ya sa ta sa masa suna Malam Sannu. Takan zauna gindin darbejiya ta yi ta kallonsa yana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan.

Da hutu ya zo, za ta tafi Katagum wajen gwaggonta Ya Gana, sai ta bar mini shi don kada yaran can su fasa.

"Baba, sai ya yi kuka za ka ba shi abinci. Sau ɗaya kawai za ka danna."

Na ce na ji. Amma duk sanda na ciro shi daga aljihu sai in ga ya yi ƙanƙanta. Wata biyu yana hannunta, ko ƙiba babu. Na yi ta dannawa, safe da rana da yamma. A kwana na huɗu ya kwanta, bai sake tashi ba. Da ta dawo na ce mata batir ne ya ƙare. Ta karɓa ta sa a akwatinta.

Shekara bakwai ke nan. Yanzu Zinatu tana kwance a asibiti da ciwon ƙoda, ƙafafunta sun kumbura. Likita ya ce ban da nama, ban da gishiri, ruwa ma sai an auna da kofi. Kullum ina kallon hannunta yana ƙara sirancewa. Shekaranjiya na ɓoyo tsire da kunun zaƙi a cikin babbar riga na kai mata, ta ci. Jiya ma haka.

Yau da hantsi na shiga da wani ƙunshin, na tarar an jingina ta da matashi uku, numfashi na yi mata wuya.

"Baba, ka tuna Malam Sannu?"

"Na tuna, uwata."

"Tun asuba nake tunaninsa. Lokacin ba abin da ke damuna sai jiran ya farka." Ta ɗan huta. "Na kai wa Chima shi, ka sani. Ya ce batir lafiya lau. Ya ce wa ya mayar da shi ragon layya."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Na kai hannu zan ba ta ruwa, na tuna, na janye.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ai na san ba mugunta ba ce." Ta dubi rigata inda mai ya fara fitowa. "Na jiya ma don kada ranka ya ɓaci na ci. Yau ba zan iya ba, Baba."

Sista Abigel mai kula da ɗakin ta kira ni waje. Ta ce jinin da aka auna da safe ya lalace fiye da na makon jiya, sai an kai ta Kano wankin ƙoda, kuma likita bai tabbata za ta jure hanyar ba.

"Malam, ko akwai abin da ta ci wanda ba mu muka ba ta ba?"

Ta dubi rigata, ta koma ciki.

Na zauna a kan benci. Ƙunshin yana nan da ɗuminsa a jikin cikina, na rasa inda zan ajiye shi.