Motar da Ba Ta Je Ko'ina Ba

Ya'u ya durƙusa a gindin tayar baya, ya tura babban yatsansa cikin zanenta. Zanen na nan da zurfinsa, kamar ba ta taɓa taka kwalta ba. Amma gefenta ya tsattsage ƙanana-ƙanana, irin fason dunduniyar tsohuwa. Ya zaga ɗaya ɓangaren motar, ya tarar tayoyin can sumul suke. Ya tsaya yana mamakin yadda mota za ta tsufa ta gefe guda.

"Malam Ya'u, ba saniya ba ce fa," in ji Tasi'u dillali daga inuwar darbejiya. "Ba a shafa ta a gane. Hau ka ga mita."

Motar na tsaye a bakin titi cikin Gwarzo, kusa da masu faci: fara, mai shan gas, mai bodin katako. Ya'u ya taso ne tun da safe daga Masanawa ta ƙasar Kabo. Kuɗin da ke asusunsa na banki, makon jiya shanu ne masu numfashi. Gonaki sun cinye makiyaya, burtali ya tsuke har ba ya wuce saniya biyu a jere, shi ya sa ya kora garken da mahaifinsa ya bari zuwa kasuwa, har da karsanar matarsa Asta, wadda ubanta ya ba ta. Nufinsa ya riƙa ɗaukar wa masu noman rani albasa da tumatir zuwa Kano. In motar ta yi, gida ya tsaya. In ba ta yi ba, babu sauran abin korawa kasuwa.

Duk wanda ya nemi shawararsa abu ɗaya ya faɗa masa: ya kula da mita. An ce akwai masu juya ta baya da na'ura, tsohuwa ta koma budurwa kafin shayi ya huce.

Ya hau. Mita ta nuna kilomita dubu tamanin da 'yan kai. Ya duba abin da aka ce ya duba: robar birki da ta kuloci ba su suɗe ba, kujera ba ta lotsa ba, sitiyari bai yi santsin hannu ba. Komai ya yi daidai da mitar. Sai dai a kowane lungu na gaban motar akwai wata farar ƙura da wanki bai kai gare ta ba. Ya dangwala, ya ɗora a harshe.

"Wannan ai garin masara ne."

"Ta ɗan yi dakon hatsi," in ji Tasi'u. "Laifi ne? Tayar da ita ka ji murya."

Inji ya tashi bugu ɗaya, da ma da ɗuminsa. Wani hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito ta salansa, ya bi ƙasa.

"Gas ɗin yanzu ne, duk gauraye," in ji Tasi'u tun ba a tambaye shi ba. "Ko sabuwa dal ka ɗura wa, sai ta yi tari."

Wayar Ya'u ta yi ƙara. Asta ce.

"Malam, ka gan ta?"

"Ina cikinta ma."

"Ka buɗe bakinta ka ga haƙora?" Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. "Ni dai kar ka yi sauri. Ko ba a saya yau ba, tuwo na nan."

Yana sauke wayar mai motar ya iso a kan babur. Alhaji Nata'ala dattijo ne daga Mainika, mai farin gemu da tabon sallah a goshi. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali, da gajiya, da yadda rani ya zo wa mutanen Kabo, sannan aka zauna a benci.

Alhaji ya ce miliyan goma. Ya'u ya taya bakwai. Alhaji ya ce albarka, ya kau da kai yana kallon titi. Tasi'u ya yi ta kai da komo tsakaninsu, ya ja wannan gefe ya yi raɗa, ya ja wancan. Masu faci suka ajiye aiki suka matso. Da aka kai takwas da rabi, Ya'u ya ga abin da zai rage masa bai wuce na gas da sabunta takardu ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Kai babba ne. Amma shanun ubana ne a nan. In ka rantse mini ba a taɓa mitar nan ba, na saya."

Tasi'u ya ce, "Haba, Malam Ya'u!"

Alhaji ya ɗaga hannu. Ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar.

"Wallahi, tallahi, ba a taɓa ta ba. Ni ban taɓa ba, ban sa an taɓa ba. Abin da ka gani, shi ta taka."

"To shi ke nan," in ji wani mai faci. "Me ya rage kuma?"

Babu abin da ya rage. Wanda ya sa dattijo rantsuwa a bainar jama'a ba ya komawa ya ce bari ya kira bakanike. Ya'u ya tura kuɗin ta waya, aka shafa fatiha, Tasi'u ya karɓi la'adarsa. Sai Alhaji ya tuna safaya da tamfol suna gida, ya ce su bi shi Mainika su ɗauka.

Ya'u ne ya tuƙa, da ɗan abin da ya koya a akori-kurar maƙwabcinsa. A miƙaƙƙiyar hanya motar ta tafi lafiya. Da suka zo wani ɗan hawa, ba ta da kaya ko buhu ɗaya, sai ya ji tana nishi kamar an ɗora mata dutse. Ya dubi madubi, hayaƙi ya rufe wani babur da ke bayansu. Tasi'u ya fara ba shi labarin wani biki da aka yi a Kabo.

A Mainika, Alhaji ya nuna masa gefen katanga, kusa da wata rumfar kwano. Ya'u ya ja da baya, sai ya ji motar ta zauna da kanta, kamar mutum ya sami gurbinsa a tabarma. Ya sauko ya bar injin na aiki. Ƙarƙashin kowace taya akwai ɗan rami daidai da ita. Gefen da tayoyinsa suka tsattsage shi ke kallon rana, ɗayan kuma na cikin inuwar rumfar. A jikin katangar kuwa, daidai bakin salansa, akwai wani baƙin tabo mai kauri kamar gindin tukunya.

Sai kaji suka fara zuwa.

Da fari guda biyu ne suka fito ta rariyar gidan. Sannan wasu suka ɓullo daga lungu da gudu, fukafukai a buɗe, 'yan tsaki na biye. Zabi suka diro daga kan katanga. Wata akuya ta taho tana jan igiyarta da turken gaba ɗaya. Duk suka kewaye gaban motar, suka ɗaga kai suna jira.

Ya'u ya tsaya yana kallonsu. Ya san wannan tsayuwar. Haka shanu ke yi in sun ji an kaɗa kwanon dusa.

"Alhamdu lillahi, an dawo da ita!"

Wata tsohuwa ce, da kwanon masara a ka, tana haki.

"Sannu, Inna," in ji Ya'u. "Wa aka dawo da ita?"

"Mai niƙan mana, ɗan nan. Tun daga ɗaki na ji muryarta. Tun da aka ɗauke ta sai Gwarzo muke aikawa."

"Inna Furera, koma gida," in ji Tasi'u. "Yau babu..."

"Bar ta," in ji Ya'u. "Inna, motar ce ke niƙa?"

"To da wa? Tun da injin da ke juya wa Alhaji niƙa ya mutu aka ɗaura mata bel a gaba." Ta nuna rumfar da haɓa. "Daga hantsi har magariba, ga niƙa, ga casa in kaka ta yi. Baiwar Allah, ba ta hutawa sai Juma'a. Tun jikata na goye take nan, yanzu ita ke raka ƙannenta makaranta. Da motar ta fara shan baƙin mai kamar kunu ne Alhaji ya ce a dakata."

Alhaji Nata'ala ya fito daga zaure yana gangaro da safaya. Ya ga tsohuwar, ya ga kajin, ya jingine tayar a bango.

"Alhaji," in ji Ya'u, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ka ce ba ta yi tafiya ba."

"Ta je ina? Tambayi Inna, ta taɓa ganin ta motsa?"

"Amma injin..."

"Mita ka tambaye ni, Malam Ya'u. A kan mita na rantse. Da ka tambayi inji, da ban ɓoye maka ba."

"To a warware cinikin."

"An shafa fatiha a gaban mutane. Kai ka gindaya sharaɗi, ni na cika."

Ya'u ya dubi Tasi'u. Tasi'u na kallon zabi kamar bai taɓa ganin irinsu ba.

Ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya ya sa kajin suka fara watsewa ɗaya-ɗaya, suna waige. Ya yi ƙoƙarin ƙiyasta inda motar za ta kai da duk wannan gurnanin a kan hanya ta yi shi, ko Legas sau nawa, ko bayan teku, sai lissafin ya ɓace masa. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu. Ya san mai kiran, bai ɗaga ba.

Ya taka zuwa rumfar. Injin niƙan na nan an lulluɓe shi da buhuna, dogon bel na rataye a ƙusa, ga wani faifan ƙarfe a ƙasa wanda ake ɗaura wa motar a gaba. Ya ɗaga faifan, ya ji nauyinsa. Motar da ta yi nishi a hawa babu kaya ba za ta kai albasa Kano ba. Amma matan Masanawa ma nisa suke kai niƙa.

"Alhaji, to a haɗa mini da waɗannan. Da bel ɗin, da faifan, da injin niƙan."

Alhaji ya shafa gemu, ya dubi kayan a hankali.

"Ai waɗannan cinikinsu daban ne."

Tasi'u ya gyara hula, ya matso ya tsaya tsakaninsu.

"To, Malam Ya'u," ya ce, "taya mu ji."