Italiyanci a Tsakar Gidan Dada

Ran da Lawwali ya kira daga Italiya ya miƙa wa ɗiyarsa Zulfa waya, Dada ta yi ta kiran sunan jikarta, yarinyar kuma tana ta zuba magana da yaren uwarta Ba'italiya. Ba wadda ta gane 'yar'uwarta. Da aka kashe waya sai tsohuwa ta ɗaure fuska. A ruga ta tashi wajen Ruwan Godiya, Fulatanci ta fara sha kafin Hausa, ga ɗan Larabcin Islamiyya, amma jikarta ta gagare ta.

Ta dubi Hafiza, ƙanwar Lawwali, wadda ta yi karatun jinya a can kafin ta dawo Sheme.

"Ki koya mani yaren nan."

"Dada, da gaske?"

"Da wasa kika gan ni?"

Ɗalibai uku Hafiza ta samu. Ga Dada, ga autansu Mas'udu, saurayi mai ƙarancin magana da ba ya kallon idon mutane, ga kuma Khairiyya, ɗiyar babban wansu, wadda malamanta suka gaji da ce mata ta zauna waje ɗaya. Hafiza ta aro allo ta jingina a jikin rumbu, ta cika shi da rubutu.

Darasin bai yi ba. Dada ba ta karanta boko. Khairiyya ta yi ta mutsu-mutsu har ta kifar da buta. Matan maƙwabta suka cika gida suna shewa, Mas'udu ya toshe kunnuwansa ya fice.

Washegari Hafiza ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya.

"Gwaggo, haruffan musaya wuri suke yi," in ji Khairiyya. "Kuma in ina zaune komai gudu yake daga kaina."

Mas'udu kuwa yana kallon bango ya ce, "Hayaniya ta yi yawa, Yaya Hafiza. Kuma ba ki da tsari."

Ta yi dariya ta mayar da allo. Khairiyya ta koma koyo a tsaye. In Hafiza ta ce akwa, sai yarinyar ta ruga randa ta ɗebo ruwa, in ta ce kapra, sai ta je turke ta taɓa akuya. Dada da kunne take ɗauka, tana tankaɗe tana maimaitawa. Shi Mas'udu zaure aka ba shi, kullum bayan la'asar, daga shi sai Hafiza da 'yan katunan kwali masu kalma ɗaiɗai.

Wata rana ta same shi ya raba katunan gida biyu a kan tabarma.

"Waɗannan duk da harafin a suka ƙare, kuma mata ne," ya ce. "Kamar riga da hula da akuya. Irin namu ne."

Hafiza ta kai wa Dada wannan bayani, tsohuwa ta ce ashe mutanen suna da hankali. Da ta ji kaka ana ce mata nonna kuwa sai ta ajiye rariya.

"Nono? Ni da na yi rabin rayuwata ina tallarsa! Wanga ba zan manta shi ba."

Rigima ɗaya aka yi, ran da Hafiza ta ce kare a yaren kane ne. Khairiyya ta nuna Mas'udu, ƙanen babanta, ta faɗi ƙasa tana dariya. Shi bai yi dariya ba. Sai ya ce, "Ni ƙane ne. Harafin nawa da lanƙwasa." Dada ta ce magana ta ƙare, kowa ya riƙe nasa.

Bayan girbi Lawwali ya kira ta bidiyo wata Juma'a. Hafiza ta rufe ƙofar gida kada maƙwabta su taru. Dada ta gyara ɗankwali, ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Caw, Zulfa. Sono la nonna," ta ce, wato sannu Zulfa, ni ce kaka.

Yarinyar ta buɗe baki, ta yi ihu tana kiran uwarta, sannan ta juyo ta fara zubo magana kamar ruwan Agusta. Dada ta rikice.

"Mi ta ce? Hafiza, mi ta ce?"

Hafiza ta kau da kai da gangan. Daga gefe, inda Mas'udu ya zauna ya ba wayar baya, sai aka ji muryarsa.

"Ta ce tana da makaranta. Ta ce jan launi take so. Sauran ta yi sauri."

Khairiyya ta fizgi wayar ta ruga turke tana ihun kapra, Zulfa na tafa hannu daga can, Lawwali na share ido da bayan hannu yana cewa a yi hankali kada akuya ta cinye wayar.

Da wayar ta dawo hannun Dada sai ta ƙura wa jikarta ido, ta karkata kai.

"Hafiza, ya ake cewa kitso?"

"Don mi, Dada?"

"Ba ki ga kan yarinyar nan ba? Kira mani uwarta."